Ba Wanda Ya Gaya wa Kyaftin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya ciwon ƙafar, ya shago, ya Maigida?

Ga sauran kayan Kyaftin nan na ba direba ya kawo miki. Babansa ne ya haɗa masa jaka ranar da ya taho, kin kuma san haɗa kayan maza: wanduna tuli, riga guda, takalma ƙafa daban-daban. Na sa masa rigar sanyi da burushi da littafinsa na zane.

Don Allah Yaya kada ki biye masa da alewa, haƙoransa na gaba sun fara taɓuwa. Kuma ki riƙa zaunar da shi da safe ya rubuta baƙaƙe ko layi biyu ne, kada hutu ya wanke masa kai. Har yanzu yana juya b ta koma d. Kin san idan ɗan malama ya koma makaranta bai iya ba, ni za a kalla.

Jaririya ta ɗan ji ciwo a goshi, mun kwana a asibiti, amma an sallame mu, tana shan nono lafiya lau. Shi ya sa ban samu na raka shi tasha ba. Dama tun kafin a ba da hutu muka yi da ke zai zo, to sai abin ya zo daidai.

Na kira jiya kin ce yana wasa. Shekaranjiya kin ce yana barci. Idan bai son karɓar waya kada ki matsa masa, yara haka suke idan sun samu sabon wuri.

Ki gaida Maigida da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan tana mulkinta. Na ga kaya, na ga kuma umarnin Malama. Na raini yara biyar tun ba ki san inda hancinki yake ba, amma to, na ji, za a yi b da d.

Yanzu ki saurare ni. Yaron da kika aiko min ba Kyaftin ba ne. Kyaftin ɗin da na sani shi ne wanda ya zo bara ya warware min zaren keken ɗinki kaf, ya ɗauki almakashina ya yi wa kyanwa aski. Wannan kuwa, idan na zaunar da shi a benci a shago, nan zan same shi har in gama ɗinki, ya cusa hannuwa a ƙarƙashin cinya. Ruwa ma sai ya tambaya kafin ya sha. Ya gama cin abinci ya ɗauki kwano ya wanke. Maigida har yana cewa kai, Malama ta iya tarbiyya. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Yaro ɗan shekara biyar da bai fasa komai ba tun da ya zo, ai da magana.

Jiya wata mata ta kawo ɗinki da goyonta. Zan auna ta sai ta sauke yarinyar ta miƙa masa, ta ce, “Ɗan saurayi, riƙe min ƙanwarka.” Auta, sai ya mayar da hannuwa baya, yana ja da baya yana ja, har ya bugi teburin guga. Ina dubawa na ga fitsari yana bin ƙafarsa. Bai yi kuka ba. Cewa kawai yake, “Ban taɓa ta ba, Inna, ban taɓa ta ba.”

Kuma ƙarya na yi miki a waya. Ba wasa yake ba, ba barci yake ba. Da ya ji wayar ta yi ƙara sai ya shige bayan yadudduka ya laɓe.

Me ya faru a gidanku? Ki rubuto min a takarda, don a waya “lafiya lau” kawai kika iya. Ki gaida Baban Kyaftin, ki shafa min kan jaririya.

Yayarki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna.

Ban gaya miki yadda aka yi ciwon ba. Ranar da aka ba da hutu ne, da yamma. Ina falo ina cike sakamakon yaran ajina da ban gama ba, jaririya tana kan gado a ɗaki, a zatona babansu yana tare da su. Na ji kukanta, na ce bari in ƙarasa wannan layin. Sai na ji tim. Da na shiga na tarar da Kyaftin a ƙasa, ita kuma a gefensa, goshinta ya daki bakin durowa, jini ya rufe mata ido. Ya ɗago kai ya ce, “Mama, kuka take, zan kawo miki ita ne.”

Yaya, na mare shi. Ba irin marin da ake yi wa yaro ba. Sai da ya kifa. Kuma ban tsaya nan ba. Na ce, “Ka kashe ta, hankalinka ya kwanta? Fita! Kada in ƙara ganin ka!” Na suri yarinya na fita ba ko mayafi, maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa. Matarsa ce ta ɗauki Kyaftin ya kwana a wurinta. Da safe babansa ya kai shi tasha tun ba mu dawo ba.

Ɗinki biyu aka yi mata. Likita ya ce goshi haka yake da jini, babu abin da ya taɓa ciki.

Kin san aikina. Yara talatin nake da su a aji, duk sa'anninsa. Akwai mai cizo, akwai mai zuba wa 'yan'uwansa ƙasa a kai. Ban taɓa ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Durƙusawa nake har idona ya zo daidai da nasu, in ce, “Gaya min abin da ya faru.” Ni ce nake tara iyaye ina ce musu yaro ba ya mance kalmar da aka jefe shi da ita cikin fushi. Sai ga shi ɗan cikina ya gaya min abin da ya faru tun ban tambaya ba, na amsa masa da mari.

Na ɗauka idan ya kwana biyu a wurinki zai huce, in ya dawo mu ci gaba kamar ba a yi ba. Shi ya sa na cika miki takarda da zancen alewa.

Ki ce masa ina gaishe shi. Ban san me zan ce ki gaya masa bayan wannan ba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ba zan yi miki faɗa a kan marin ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya fi nawa. Wace uwa ce za ta ga jini a idon jaririyarta hankalinta ya zauna? Akwai abin da ya fi marin, shi zan gaya miki.

Ranar da wasiƙarki ta zo ina sa maɓallai a riga, shi yana miƙo min ɗaya-ɗaya daga gwangwani. Ba tare da ya kalle ni ba sai ya ce, “Inna, a ina aka binne ta?”

Allura ta shige min yatsa ban ji ba. Na ce, “Wa?” Ya ce, “Ƙanwata.”

Kin gane? Abin da ya gani na ƙarshe shi ne jini, abin da ya ji na ƙarshe shi ne ya kashe ta. Daga nan aka sa shi a mota. Ba wanda ya ce masa komai, ba ke ba, ba babansa ba, ba matar maƙwabci ba. Ni ma da na san ta ji ciwo, ban ga dalilin ɗaga zancen da yaro ba. Duk tsawon kwanakin nan yana zaune a bencina a matsayin wanda ya yi kisa aka kore shi.

Na rantse masa tana nan da ranta. Kin tuna da na kira ki na ce ki matso da wayar kusa da ita tana kuka? Don shi ne. Ya saurara, ya ce, “Jaririn wasu ne.” Na nuna masa hoton da kika turo wa Maigida, ya ce na da ne. Ya ce manya suna faɗin haka ne don kada yara su yi kuka.

Ba abin da zan iya yi daga nan. Ki ɗauko yarinyar ki zo, ya gan ta da idonsa, ya gan ki.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Maigida. Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar yaron nan. Ki yi haƙuri da rubutuna, ni mai gyaran firiji ne, hannun ya fi sabawa da wayar wuta da filaya.

Maman Kyaftin ta ba ni wasiƙarki na karanta. Akwai abin da ba ta sani ba sai jiya.

Ranar nan ina ɗaki tare da yaran. Wani ya kira ni firijinsa ya tsaya, ya ce yana bakin layi, in fito in ji bayani. Na ce minti biyu ne. Na ce wa yaron, “Kyaftin, kai ne babba, ka kula da ƙanwarka. In ta yi kuka ka kai wa Mama.” Nufina ya kai mata labari. Shi kuma ya ji yadda na faɗa.

Da na dawo na tarar an tafi asibiti. Na ji yadda ta yi masa, na yi shiru, don idan na yi magana laifin zai dawo kaina. A hanyar tasha yana ta kallona. Na san jira yake in ce ni na sa shi. Sai na saya masa biskit na ce ya yi wa Inna biyayya.

Yaya, umarnina ya bi. Ki gaya masa Baba ya ce kuskuren na Baba ne, ba na Kyaftin ba. Ko kuma ki bari, ni ya kamata in faɗa da bakina.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Baban Kyaftin

*

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida, ya ƙafa? Ga mota mai batir nan da sababbin takalma na ba direba, ki ba shi ki ce daga Mama.

Na so in zo ƙarshen makon nan, sai aka kira mu taron shirin komawa makaranta. Na makon jiya kuma jaririya ta yi mura. Na san abin da za ki ce.

Babansa ya gaya min. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, ina ajiye masa abinci in juya. Sai na lura wani daɗi nake ji a raina, na samu wanda zan ɗora wa. Amma ba shi ya yi marin ba, ba bakinsa ne ya faɗi kalmar ba.

A wurin taron, wani uba da ya zo sa 'yarsa a ajina ya ce min, “Malama, matata ta ce duk makarantar nan ba mai haƙurinki. Ki koya mana, mu a gida sai tsawa.” Na yi murmushi na ba shi shawarwari masu kyau, har yana gyaɗa kai. Daga nan na shiga banɗakin malamai na kulle na yi ta kuka.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron in shigo shagonki ya gan ni ya shige bayan yadudduka. A waya ina iya cewa bai ji ba ne. Idan a gabana ya yi, ban san yadda zan yi ba.

Na yi wani tunani. Tunda ya saba da ke, kuma akwai makaranta kusa da ku, me zai hana ya yi zango ɗaya a wurinki? Kafin nan ya manta, tabon goshinta ma ya baje. Wataƙila ya fi samun natsuwa a hannunki fiye da nawa. Ki yi shawara da Maigida.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Motarki tana cikin kwalinta a kan durowa. Ya ce na gode, ya ajiye ta, bai ko buɗe ba.

Zan gaya miki abin kunyata tukuna, sannan in zage ki da hujja. Da na karanta shawararki, daɗi na ji. Kin san gidan nan tun da autana ya tafi karatu, ni da Maigida sai rediyo. Yaron nan ya zo, na samu mai miƙo min maɓalli, mai raka ni kasuwa. Tun kafin ki rubuto na riga na leƙa makarantar, har na yanka masa yadin yunifom na ɓoye a ƙasan kaya. Ranar da takardarki ta zo na zaunar da shi na ce, “Kyaftin, nan ma gidanku ne, kana so ka zauna da Inna har ka girma?”

Ya ce, “To, Inna.” Sai ya ƙara da cewa, “Dama na sani.”

Auta, da hannuna na ƙarasa masa abin da yake tsoro. Ni da nake rantse masa ba korar sa aka yi ba. Na ɗauko yadin nan na mayar da shi rigar matashin kai.

Saboda haka a'a. Ba zai yi zango a nan ba. Kin ce zai manta. Kin manta ranar da babanmu ya zane ki a kan kofin gilashin da ni na fasa? Washegari ya sayo miki ɗan kunne, bai ce komai ba. Kin sa ɗan kunnen, amma har ranar aurenki sai da kika tayar min da zancen. A gidanmu ba a taɓa ba yaro haƙuri ba, sai dai a saya masa abu. Ga shi kin aiko mota.

In ya ɓuya a bayan yadi, ki zauna a ƙasa ki jira. Ba haka kike yi wa 'ya'yan mutane ba? Ki zo ranar Asabar, ke da babansa da yarinyar. In ba ku zo ba, ni zan rufe shago in kawo shi da wannan ƙafar tawa, kuma kin san bakina.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri ban rubuto da wuri ba. Ranar nan mun iso lafiya, Kyaftin ya yi barci a mota tun kafin mu fita gari. Allah ya saka miki, ban da bakin gode miki.

Kin tambaye ni abin da ya faru bayan kin ja mana ƙofa, na kasa ba ki amsa a lokacin. Ga shi.

Kin ga dai yadda ya tsaya a jikin bango. Na kwance goyo na shimfiɗa ta a tabarma, na zauna a ƙasa, babansa ma ya zauna. Can jaririyar ta yi atishawa. Sai ya matso kaɗan, ya leƙa fuskarta, ya daɗe yana kallon tabon. Ya ce, “Ita ce?” Na ce ita ce. Ya ce, “Ba ta mutu ba?” Na ce, “Ba ta mutu ba. Abin da na faɗa ranar nan ba gaskiya ba ne. Tsoro ne ya kama ni, na faɗi mummunar magana, na kuma mare ka, alhali taimako ka zo yi. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri.”

Duk jawabin da na shirya a mota, iyakar abin da ya fito ke nan. Babansa ma ya faɗi nasa.

Na zaci zai rugo ya faɗa jikina. Bai zo ba. Ya ce, “Kin ce kada ki ƙara gani na.” Na ce, “Na faɗa. Kuma tun ranar ba abin da nake so kamar in gan ka.” Ya yi tunani, irin na mai auna magana, sai ya ce, “To zan ɗauko takalmana.” Kukan da kika ji daga baya nawa ne, ba nasa ba.

Ya koma makaranta. Na roƙi malamar ajinsu kada ta matsa masa a kan b da d. A gida har yanzu yana tambaya kafin ya sha ruwa, kuma idan na ɗaga hannu zan gyara ɗankwali sai ya ƙifta ido. Wannan ƙiftawar, Yaya, ban san ranar da za ta daina ba.

Ki gaida Maigida.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira.

Ɗazu ina wanke-wanke, jaririya tana kan tabarma, shi yana kwance a can gefe yana zane. Ta mirgina ta mirgina har ta kai wurinsa, ta damƙe masa kunne. Sai na ji ya ƙwala kira, “Mama! Ba ni na taɓa ta ba, ita ce ta taɓa ni!”

Na ce, “Na gani. Kana so in cire ta?”

Kunnen yana hannunta tana ja. Ya ce, “A'a. Bar ta.”

Na koma kan kwanukana. Su biyun suna nan a haka har yanzu.

Taki,
Auta